Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya: A Duba Kuɗin Cefane Kafin A Ƙara Mana Gargaɗi

Mai girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya yi muku jagora a kan nauyin da aka ɗora muku, ya kuma ba ku ikon sauke shi.

Ranka ya daɗe, ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin unguwa a cikin birnin Kano, kuma ni ce ke zama a teburin awon jini da na sukari ranar da masu hawan jini da ciwon sukari ke zuwa. Na rubuto wannan takarda ne da yawun mutanen da ke cika bencin da ke gabana: 'yan fansho, direbobin adaidaita sahu, malaman firamare, zawarawa masu riƙon marayu, da abokan aikina da ke ba su shawarar da mu kanmu mun san ba za su iya bi ba. Ba su naɗa ni wakiliya a rubuce ba, amma kuka ɗaya suke kawo mini, na ga kuma ya dace ya isa kunnenku.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne muhawarar da ake yi kan ƙara harajin lemon kwalba, da kuma ƙa'idojin rage gishiri a abinci da ma'aikatarku ta ƙaddamar a 2025. In faɗa tun da wuri, ba na adawa da ko ɗaya daga cikinsu. Duk wanda ya taɓa wanke ƙafar mai ciwon sukari da ta fara ruɓewa ba zai tsaya kare masu kamfanin lemo ba. Damuwata ita ce kusan duk yunƙurin da gwamnati ta yi a wannan fanni ya tsaya ne a kan hani da haraji da gargaɗi. Ɓangaren da zai sa wake da ganye da ƙwai su shiga tukunyar talaka kuwa, shiru kake ji. Mutanen da nake gani ba jahilci ne ya sa suke cin abin da suke ci ba. Lissafi suke yi, kuma lissafin nasu daidai ne.

Bari in fara da harajin. Dokar Kuɗi ta 2021 ce ta ɗora naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi, aka fara karɓa a tsakiyar 2022. Naira 10 a lita, naira 5 ke nan a kan robar rabin lita. Tun a lokacin ba wani abin a zo a gani ba ne, balle yanzu da robar ta kai ɗari huɗu, wani wurin ma ɗari biyar. Ko kashi 2 cikin 100 na farashin bai kai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi sai haraji ya ɗaga farashi da kashi 20 cikin 100 ko fiye kafin a ga mutane sun rage sha sosai. Robar nan guda ɗaya tana ɗauke da sukari fiye da ƙaramin cokali goma, alhali abin da hukumar ta ce kada baligi ya wuce a yini guda, a haɗa da na shayi da na koko, bai fi cokali goma sha biyu ba.

Harajin yana da wani aibin kuma. Da lita ake auna shi, ba da yawan sukarin da ke ciki ba, don haka kamfanin da ya rage zaƙi da wanda ya ƙara, kuɗi ɗaya za su biya. To me zai sa wani ya rage? A Ingila, da suka fara nasu harajin a 2018, sun yi shi hawa-hawa ne bisa yawan sukari, sai kamfanoni da dama suka rage sukarin da kansu don su kauce wa biya. Afirka ta Kudu ma a shekarar ta fara nata, tana cajin kowane giram na sukari da ya haura giram 4 a cikin mililita 100. Gana, da ke nan yankinmu na Afirka ta Yamma, kashi 20 cikin 100 ta sa a 2023.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda kuɗin suka tafi. Dokar ba ta keɓe su ga harkar lafiya ba, babban asusu suke faɗawa su gauraye da sauran kuɗin shiga. Babu tsinken awon sukari ko guda ɗaya da zan ɗaga in nuna wa maras lafiya in ce masa, wannan da kuɗin harajin lemo aka saya. Shi ya sa duk lokacin da aka ta da zancen ƙara harajin, abin da ake cewa a majalisun unguwa shi ne, gwamnati ta sake gano wata hanyar tatsa. Da wuya a ga laifinsu.

Akwai kuma tambayar da ba na jin masu muhawarar suna yi: in lemon ya yi tsada, me mutum zai koma sha? Direban adaidaita da ya yini a rana, abincinsa na azahar burodi ne da lemo mai sanyi, saboda shi ne mafi arhar abin da zai riƙe masa ciki ba tare da ya ajiye kekensa ba. In robar ta gagare shi, ba ruwan famfo zai koma ba, don a unguwanni da yawa famfon ya daɗe da ƙafewa. Lemon leda zai koma, wanda aka haɗa a bayan gida da kala da sinadarin zaƙi, ba lamba, ba suna, ba haraji. Hatta zoɓo da kunun zaƙi da muke alfahari da su, masu sayarwa suna zuba musu sukari ba awo, domin haka masu saye suka saba. Ƙara haraji shi kaɗai zai iya kora mutane daga abin da hukuma ke iya dubawa zuwa abin da babu mai dubawa.

Na biyu, kuma shi ne jigon wannan wasiƙa, tsadar abinci mai gina jiki. Ba sai na kawo nawa alƙaluman ba, na gwamnati sun wadatar. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da abin da baligi ɗaya zai kashe a rana in yana so ya ci abinci mai lafiya mafi arha a kasuwa. A ƙarshen 2023 kuɗin bai kai naira 800 ba. Zuwa watan Yunin 2024 ya haura naira 1,200. Wata guda bayan haka aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Mai girma Minista, a yi lissafin: miji da mata kawai, naira 1,200 kowannensu har kwana 30, naira 72,000 ke nan. Albashin ya ƙare ba a ciyar da yaro ko ɗaya ba, ba a biya haya ba, ba a sayi gawayin da za a dafa abincin ba. Wannan kuma ga mai albashi ke nan. Yawancin waɗanda ke zuwa wurina sai sun fita suke samu.

Wata dattijuwa mai ciwon sukari ta taɓa zama a gabana ina karanta mata takardar shawara: a rage farar shinkafa da tuwon masara, a yawaita wake da ganye da kifi, in da hali a riƙa cin acha, a samu ɗan 'ya'yan itace. Ta bari har na kai ƙarshe, sannan ta kwance bakin zanenta ta baje kuɗin cefanen ranar a kan teburina. Ta ce, "'Yar nan, mu tara ne a gidan, wannan maigida ya bari. In na sayi acha, sai dai in ci ni kaɗai jikokina su zuba mini ido. Ke za ki iya?" Na ce, "Inna, ba zan iya ba." Muka koma lissafin yadda za ta riƙa ɗebe nata tuwon kaɗan, ta cika kwanon da kwaɗon zogale ko rama in ta samu. Iyakar abin da aikin nawa ya iya yi mata ke nan.

Abin takaicin shi ne abincinmu na gado shi ne wanda likitoci ke cewa a ci. Tuwon dawa da na gero, ɗanwake, dambu da zogale, faten wake, miyar kuka da daddawa, yakuwa, lalo, kabewa, fura da nono, goruba da kanya da magarya. Yau acha ta fi shinkafa tsada, ƙwai ya zama na baƙo, kifi sai dai a sa kai da ƙaya don ƙamshi. Wanda ya sauko ya zauna daidai aljihun talaka shi ne taliyar leda, farin burodi, garin rogo da sukari, da biskit na naira hamsin da ake rufe bakin yaro da shi.

Akwai wani kuɗi da ba ya fitowa a takardun masana abinci, shi ne kuɗin wuta. Wake sai ya sha wuta awa guda ko fiye kafin ya nuna, taliyar leda kuwa minti biyar ta isa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, ta kuma ja gas da gawayi da itace da kuɗin niƙa suka bi ta. Matar da ke auna gawayi da leda ba za ta ɗora wake kullum ba. In ma ta ɗora, sai ta ƙara kanwa don ya yi saurin laushi, ita kuwa kanwa tana ɗauke da sinadarin nan na gishiri da muke hana mai hawan jini. Haka miya. Da can nama ko kifi da daddawa ke ba ta ɗanɗano. Yanzu da suka fice daga tukunya, dunƙulen magi ne ya maye gurbinsu, uku, huɗu, biyar a tukunya ɗaya, kuma kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne. Giram 5 na gishiri, wato ƙaramin cokali ɗaya, shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa mutum a yini. Sai in ce wa mace ta rage magi, ta dube ni ta ce, "To da me miyar za ta ciyu?"

Ina roƙon masu tsara ƙa'idar gishiri su je su tsaya a teburin mai shayi da daddare su ga yadda ake haɗa abincin gwauraye da 'yan ci-rani da ɗalibai. Zai fasa taliya biyu a ƙaramar tukunya, ya juye ƙunshin kayan ɗanɗanon duka biyun, ya ƙara farin magi da yatsunsa, ya barbaɗa gishiri, ya tsiyaya mai daga gora. Shayin kuma da babban cokali ake ɗiban sukarinsa, in ka ce a rage ma sai a yi maka kallon mai rowa. Wanda ya ci wannan ya gama da gishirinsa da sukarinsa na yini a zama ɗaya, gobe kuma nan zai dawo, domin ba shi da murhu, ba shi da mai dafa masa. Shekara goma nan gaba shi ne zai zo mana da jiri da ciwon kai, ko a kawo shi ɓarin jiki ya shanye. Binciken da aka yi a ƙasar nan ya nuna kusan baligi ɗaya cikin uku na da hawan jini, da yawansu kuma ba su sani ba.

Na uku, abin da ke faruwa tsakanin gona da kasuwa. Na san wannan hurumin Ma'aikatar Noma ne, amma ku ne za ku karɓi marasa lafiyar, don haka ku ya kamata ku fi kowa ɗaga murya. A Kura da Kadawa da Garun Malam da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke ratsawa, lokacin kakar tumatir farashi kan faɗi har manomi ya rasa kuɗin kwando. Sai a yayyanka a shanya a ƙasa a bakin titi ya zama kauɗa, ƙura da akuya na bi ta kai. Wanda aka loda a mota zuwa Legas kuma, kwandunan sama kan murƙushe na ƙasa kafin a isa. Wata huɗu bayan haka, damina ta kama, tumatir guda huɗu ya gagari mai cefane a kasuwar 'Yan Kaba. Ga tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonaki a 2016 har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, ta kuma sake dawowa a shekarun baya-bayan nan kamar ba a taɓa saninta ba. Albasar Aliero da ta Sakkwato ma haka take ruɓewa a rumbu. Ga injin ban-ruwa da ke shan fetur, ga shingayen karɓar kuɗi a hanya, ga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato inda manomi sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa. Duk wannan a kan mai sayen kashin alayyafo yake ƙarewa.

A 2024 gwamnati ta dakatar da harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150 don a sauko da farashi. Hatsi ya sauko daga baya, mun gani, ko da yake manoma suna kuka saboda taki bai sauko tare da shi ba. Amma cika ciki daban, gina jiki daban. Ban ga wani yunƙuri mai irin wannan girma da aka yi don kayan miya da ganye da ƙwai da kifi ba.

Na huɗu, dokokinmu a bakin kwali suke tsayawa. Hukumar NAFDAC ta yi abin yabo da ta fitar da dokar man girki ta 2022, wadda ta taƙaita mugun kitsen nan da ke toshe jijiyoyin zuciya zuwa giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai. Sai dai talaka ba ya sayen mai a galan mai hatimi. Na awo yake saya, a tsohuwar robar ruwa ko a ƙulle a leda, bai san daga wace ganga aka ɗebo ba. Mai suyar awara da ƙosai kuma ba ta zubar da mai, ƙari take yi a kan na jiya har ya yi baƙi, don in ta zubar ta zubar da jarinta. Ana nunar da ayaba da mangwaro da sinadarin kabayid na masu walda. Ana adana wake da maganin ƙwari mai guba, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu tun 2015, mu kuwa muka ci gaba da ci. Da can akwai duba-gari da ake shakka, yanzu sai a shekara ba a ga ƙeyarsu a kasuwa ba.

Abin da ke cikin kwalin ma, bayaninsa da Turanci yake, da ƙananan haruffan da ni mai tabarau sai na kai bakin taga nake karantawa. Ƙasar Chile tun 2016 ta tilasta a buga baƙin tambari babba a gaban duk abin da sukari ko gishiri ko kitse ya yi wa yawa, yadda ko yaron da bai fara makaranta ba zai gane.

Na biyar, yara. Binciken lafiya na ƙasa na 2023 zuwa 2024 ya nuna kashi 40 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, alhali a 2018 kashi 37 ne, kuma Arewa maso Yamma tana cikin inda abin ya fi muni. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina saboda tamowa a watanni shida na farkon 2025. A wurin aikina cututtukan biyu tare suke shigowa: kaka da hawan jini, jikan da ke goye a bayanta da tamowa, kuma tukunya ɗaya ce ta haifar da su. Shirin ciyar da 'yan firamare da aka fara a 2016, duk da ƙorafin da aka yi ta yi a kansa, ya sa wasu yaran sun ga ƙwai da wake a mako. A watan Janairun 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Masu tallar alewa da ƙanƙara mai kala a ƙofar makaranta kuwa ba wanda ya dakatar da su, haka tallar lemo da taliya da ake yi da fuskokin yara da kyaututtuka a ƙarƙashin murfi.

In an ba ni dama in tsoma baki a wani ƙaramin abu: ban cika zuwa taron bita na ma'aikatan lafiya da ba a raba mana lemon kwalba da soyayyen fulawa ba, ko da kuwa taron a kan ciwon sukari ne.

Na ji daɗin ragin da aka yi na kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocin tarayya, Allah ya saka. Amma mai wankin ƙoda sau biyu ko uku yake buƙata a mako, kuma hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba wajen kai mutum can. A ƙananan asibitoci irin namu, inda ya kamata a tare cutar tun tana ƙarama, sau da yawa tsinken awon sukari kan ƙare, a tura maras lafiya kemis ya biya, shi kuma ya wuce gida.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

In za a ƙara harajin lemo, a ƙara, amma a ɗaure shi da yawan sukarin da ke ciki, kuma a rubuta a cikin dokar kanta inda kuɗin za su tafi. Alƙawarin baka ba zai wadatar ba. Muna so kaso mai tsoka ya tafi ga awon jini da na sukari kyauta a kowane asibitin matakin farko, da magungunan hawan jini da allurar insulin a farashi mai rahusa, sauran kuma ga ciyar da 'yan makaranta da samar da ruwan sha a makarantu da tashoshin mota da kasuwanni. Kafin a kai ga haka, ku nemi Ma'aikatar Kuɗi da Hukumar Kwastam su bayyana wa jama'a nawa aka tara daga naira 10 ɗin nan tun 2022.

A dawo da ciyar da ɗalibai da gaske, a kuma sayi kayan a wurin manoman ƙaramar hukumar da makarantar take: wake, gero, gyaɗa, zogale, dankalin Hausa, ƙwai. A biya masu dafawa a kan lokaci, a manna jerin abincin mako a ƙofar makaranta yadda iyaye za su gani su tambaya. Hakan zai ba manomi kasuwa tabbatacciya, ya kuma saba wa yaro da ɗanɗanon abincin da ba na leda ba.

Ku zauna da Ministan Noma da gwamnonin jihohi a kan kayan miya da ganye musamman. Abubuwan da ake buƙata ba ɓoyayyu ba ne: injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana a kan bashi mai sauƙi, akwatunan roba maimakon kwando, ɗakunan sanyi a manyan kasuwannin kayan gwari, wuraren busar da tumatir da tattasai masu tsabta, maganin sharon kafin ta ɓulla, da kawar da shingayen da ke tatsar motocin abinci. Ƙungiyoyin mata a unguwanni a ba su iri da horo su shuka zogale da alayyafo da yakuwa a buhu a tsakar gida. Na ga matan da suka gwada, kuma ya rage musu kuɗin cefane. A kuma sa kuɗin girki cikin lissafi, ko ta hanyar sauƙaƙa gas ga gidaje masu ƙaramin ƙarfi, ko murhu mai tattalin gawayi.

A sa wa kamfanonin dunƙule da taliya da burodi iyakar gishirin da ba za su wuce ba, ta zama doka mai hukunci, a riƙa ragewa sannu a hankali yadda harshe zai saba. Wannan ya fi a ɗora wa uwar gida laifi. A tilasta tambarin gargaɗi a gaban kwali da roba, da alama mai sauƙin ganewa da kuma Hausa da Yarbanci da Ibo. A hana tallar lemo da kayan zaƙi da aka nufi yara da ita, a hana sayar da su a cikin harabar makarantu. Ma'aikatarku kuma ta fara da kanta, ta daina raba su a tarukanta.

Masu shayi da masu suya da masu abincin bakin titi, kada a aika musu jami'ai da sanda. Suna da ƙungiyoyi da shugabanni, a kira su a koya musu, a nemo musu hanyar samun mai mai kyau a farashin sari. A farfaɗo da aikin duba-gari, a ba su na'urar gwajin mai da hatsi, a biya su yadda ba za su miƙa hannu ba.

Wayar da kai kuma a yi ta a rediyo, da Hausa, da muryar mutanen da suka san farashin mudu. A daina karanta mana jerin abincin da sai a babban kanti ake samu. A faɗa wa mace yadda za ta jiƙa wake tun dare don ya rage cin wuta ba sai ta cika kanwa ba, da yadda daddawa da albasa da citta za su rage mata yawan magi, da yadda za ta haɗa kunun gero da gyaɗa da waken suya ga yaron da aka yaye. Malaman Juma'a da masu unguwanni za su taimaka in an sa su a ciki, kamar yadda suka yi a yaƙi da shan-inna.

Muna roƙon a ba mu amsa a bainar jama'a, ko da a kan biyu ne daga cikin waɗannan: nawa aka tara daga harajin lemo, da kuma ranar da za a ci gaba da ciyar da ɗalibai a dukkan jihohi.

Allah ya taimaki Minista, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,

Wata ma'aikaciyar lafiya a matakin farko,
Kano.